Wufa biyu a but, kiɗa na yankewa a hanya: ina matsalar take?

Mai Golf, Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman taimakon masu sani. Na sa wufa biyu, wato sifikun bes, masu inci 12 a but ɗin Golf 3 ɗina, da amfilifaya mai layi biyu, an rubuta wat 2000 a jikinta. Wani yaro mai rewaya ne ya haɗa min. Idan na tayar da mota bes ɗin yana dukan ƙirji yadda nake so, amma kafin in bar Tudun Wada in kai Kwangila sai amfilifayar ta ɗauke, jar fitilarta ta kama. In na tsaya na kashe ta huce, sai ta dawo. Jikinta kuwa hannu ba ya taɓuwa. Jabu aka sayar min ne ko yaya?

Ɗan Kwangila: Wa alaikumus salam. Batir ne oga. Batirinka ya gaji. Ka canza shi ka ƙara kafasita, shi ke nan.

Mai Shago, PZ: Ko kuma amfilifayar ce ta yi wa wufofin kaɗan. Ka leƙo shago, akwai mono, wato amfilifaya mai layi ɗaya, mai wat 5000 sabuwa dal.

Baban Rewaya, Sabon Gari: Ku dakata da sayar masa da kaya tukuna. Ƙanena, amsa min abu uku. Kowace wufa wurin ɗaura waya nawa gare ta a baya, biyu ko huɗu? Me aka rubuta a jikin maganaɗisunta? Sannan a amfilifaya, wayoyin da suka tafi akwati daga ina suka fito, daga layi ɗaya ko an ɗauki ja a layin hagu, baƙi a layin dama?

Mai Golf, Tudun Wada: Baba na duba. Huɗu-huɗu ne, biyu ta nan biyu ta can. An rubuta 4+4, da wat 250 RMS. Wayar kuma ya ɗauki ja a hagu baƙi a dama, inda aka rubuta birij. A cikin akwatin na ga ya tattara jajaye duka wuri ɗaya, baƙaƙe duka wuri ɗaya.

Baban Rewaya, Sabon Gari: To ai magana ta ƙare, batirinka ba shi da laifi. Wufofinka masu kwayil biyu-biyu ne, wato naɗin wayar da ke motsa takardar wufa, kowane kwayil om 4. Ke nan kwayil huɗu gare ka a akwatin nan. Yaron ya haɗa su duka faralel, 4 a raba gida huɗu ya zama om 1. Yawancin amfilifaya masu layi biyu irin taka, in aka yi musu birij, wato aka haɗe layi biyun suka zama ɗaya, ƙasa da om 4 ba sa ɗauka. Ka duba gefen wurin ɗaura wayar ko takardar cikin kwalinta, za ka ga an rubuta. Jar fitilar nan da kake jin haushinta ita ce ta hana ta ƙonewa tun ranar farko.

Ɗan Kwangila: Baba da girmanka, amma ni abin da na sani in om ya yi ƙasa ƙarfi ƙaruwa yake. Duk masu sa kiɗa a tasha om 1 suke nema. Ta yaya abin da kowa ke nema zai zama matsala?

Injiniyan Samaru: Bari in shigo nan, don wannan a aji ɗaya ake koyar da mu shi. Om ma'aunin turjiya ne, wato yadda kwayil ke tare wuta. Dokar da Bajamushen nan Georg Ohm ya fitar a 1827 ta ce wutar da ke gudana ita ce bolt a raba da om. Amfilifaya bolt take turawa, wufa ce ke yanke yawan amfiya da za a ja. Mu ɗauka amfilifayar Mai Golf tana ba da wat 300 na gaskiya a om 4. Wannan bolt 34.6 ke nan, amfiya wajen 8.7. Ka bar bolt ɗin yadda yake ka mayar da wufa om 1, za a nemi amfiya sama da 34 daga gare ta. Ninki huɗu. Tiransistocinta da tiransifomar cikinta ba a yi su don haka ba. Gaskiya ne ƙarfi na ƙaruwa in om ya sauka, amma sai in na'urar tana da abin bayarwa.

Kuma birij yana ƙara dagula lissafin. A birij layi biyun suna aiki a kan kaya ɗaya, ɗaya na turawa ɗaya na ja, don haka kowane layi rabin om ɗin yake gani. Om 4 a birij, kowane layi yana ganin 2. Om 1 a birij, kowane layi yana ganin rabin om. Tsakanin wannan da haɗa ja da baƙi kai tsaye ba nisa.

Hajiyar Gyallesu: Ni dai ɗana ne ya sa ni a zauren nan saboda gyaran motata, amma ina bin ku. Injiniya, abin da ban gane ba, ta yaya za a ƙara sifika kuma lamba ta ragu? Ai kamata ya yi ta ƙaru.

Baban Rewaya, Sabon Gari: Hajiya, ki ɗauki tankin ruwan gidanki. Famfo ɗaya a buɗe, ruwa na fita daidai. Ki buɗe huɗu lokaci guda, kowanne da hanyarsa, ruwan ya sami sauƙin fita, tanki ya yi saurin ƙarewa. Faralel ke nan, kowane kwayil da hanyarsa zuwa amfilifaya, turjiya ta ragu. Siris kuwa wuta sai ta ratsa na farko kafin ta shiga na biyu, hanya ɗaya ce ta ƙara tsawo, shi ya sa ake tarawa: 4 da 4 ya zama 8.

Hajiyar Gyallesu: Madalla, yanzu na gane. Allah ya ƙara basira.

Mai Golf, Tudun Wada: To Baba yanzu mene ne mafita? Kar dai a ce sai na sake sayen wasu wufofin, don wallahi aljihu ya yi sanyi.

Baban Rewaya, Sabon Gari: Ko sisi ba za ka kashe ba, sai guntuwar waya biyu. Da wufa biyu masu 4+4 lamba uku aka saba samu in an yi amfani da kwayil duka: om 1, om 4, ko om 16. Ta tsakiyar ita ce taka.

Ka ɗauki wufa ta farko. Baƙin kwayil na ɗaya ka haɗa shi da jan kwayil na biyu da guntuwar waya. Saura maka ja ɗaya a kwayil na ɗaya da baƙi ɗaya a kwayil na biyu. Wannan wufar ta zama om 8. Ka yi wa ta biyu haka. Sai ka haɗa jajayen da suka rage guda biyu su tafi jan birij, baƙaƙen biyu su tafi baƙin birij. Takwas da takwas a faralel, om 4. Amfilifayarka za ta yini tana aiki.

Injiniyan Samaru: Ko kuma ya juya lissafin. Kowace wufa ya yi wa kwayil ɗinta faralel ta zama om 2, sannan ya jera wufofin siris, 2 da 2 ya ba da 4. Duk ɗaya ne.

Baban Rewaya, Sabon Gari: A takarda ɗaya ne, Injiniya. A but ba na yin sa. In ka jera wufa biyu siris, wutar da ta biyu ke samu sai ta bi ta cikin ta farko, kuma wufa ba ƙwan fitila ba ce, tana motsi tana mayar da tata wutar baya. In ɗaya ta ɗan fi ɗaya tauri, ko ɗakinta a akwati ya fi girma, rabon ba ya zuwa daidai. A nawa haɗin kowacce tana karɓa kai tsaye daga amfilifaya. Kuma ran da waya ta tsinke a ɗaya, ɗayar na ci gaba da kiɗa a om 8, ba abin da zai ƙone.

Injiniyan Samaru: Na yarda da batun tsinkewar waya. Amma in wufofin iri ɗaya ne kuma akwatin an raba shi daidai, bambancin da kunne zai ji kaɗan ne ƙwarai.

Baban Rewaya, Sabon Gari: Ka taɓa ganin kafintan da ya raba akwati daidai?

Ɗan Kwangila: Hhhh Baba ya gama da kai. Amma ni har yanzu ina kan bakana. Tawa amfilifayar an rubuta om 4 a birij, ni kuma om 2 na ba ta, wufa biyu masu kwayil ɗaya-ɗaya. Kullum ina Zariya zuwa Kaduna da ita, ko tari ba ta taɓa yi ba. Masu kamfani tsoratarwa kawai suke yi.

Mai Naɗin Kwayil, Muciya: Ɗan Kwangila, ba ƙarya ka yi ba, ana samun haka, kuma akwai dalili. Lambar da aka rubuta a wufa ba a tsaye take ba. Tana hawa tana sauka gwargwadon sautin da ake bugawa. A daidai sautin da wufa ta fi son kaɗawa a cikin akwatinta, mai om 4 tana iya haurawa om 20 ko fiye. Kwayil in ya yi zafi ma turjiyarsa na ɗan ƙaruwa. Sannan waƙa ba ƙara ɗaya ba ce a miƙe, ganga ta buga ta saki. Shi ya sa taka take samun wurin numfashi, musamman in ba ka ƙure ta.

Amma ka zo shagona a watan Afrilu ka ga abin da ke kan tebur. Lokacin da zafin gari ke kusantar digiri 40, but a rufe, mota ta yini a rana, ga ƙurar hunturu da ta toshe jikin amfilifaya ba a goge ba. Irin naku ne ke cika min shago. Kuma abin takaicin, tiransisto in ya ƙone sau da yawa haɗewa yake yi, sai ya tura wuta tsaye cikin wufa, kwayil ya gasu. Mutum ya zo gyaran abu ɗaya ya tarar da biyu. Naka om 2 ne, rabin abin da aka ce. Na Mai Golf kashi ɗaya cikin huɗu ne, wannan ba sa'ar da za ta riƙe shi.

Ɗan Kwangila: Allah ya tsare. Ni dai ba zan taɓa tawa ba tunda tana yi.

Mai Naɗin Kwayil, Muciya: Kar ka taɓa. Ka dai ajiye lambata.

Mai Golf, Tudun Wada: Tambaya ɗaya. In na koma om 4, bes ɗin ba zai mutu ba? Don gaskiya yadda yake bugawa kafin ya yanke yana min daɗi.

Injiniyan Samaru: Zai ragu kaɗan, ba yadda kake tsoro ba. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙara. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ƙara wajen desibel 10, wato wat ninki goma. Kuma a om 1 ɗin ma ba wat ninki huɗu kake samu ba, don wutar cikin amfilifayar faɗuwa take yi, sautin ya fara tsagewa. Rabin abin da kake ji kamar ƙarfi, tsagewa ce.

Mai Shago, PZ: Duk wannan dogon lissafin, in ya ɗauki mono da ke ɗaukar om 1 ai ba sai ya kwance komai ba. Haɗin yaron daidai ne, amfilifayar ce ba daidai ba.

Baban Rewaya, Sabon Gari: Alhaji, a nan ka faɗi gaskiya, akwai mono ajin D, wato ƙirar da ba ta zubar da wuta sosai a zafi, da aka yi su don om 1, kuma da ita ya saya da haɗin yaron ya zauna. Amma faɗa mana, mai wat 5000 ɗin nan fis nawa ne a jikinta?

Mai Shago, PZ: Biyu ne, 30-30.

Baban Rewaya, Sabon Gari: To ku lissafa. Amfiya 60 sau bolt 14.4 na mota in tana tafiya, wat 864 ke nan ke iya shiga kafin fis ya yanke. Ajin D mai kyau wajen kashi 80 cikin ɗari take mayarwa sauti, saura zafi. Bai kai wat 700 ba. Ina 5000 ɗin? Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Lambar da ke kan kwali da manyan baƙaƙe ta talla ce, RMS ake dubawa, wato wat ɗin da na'ura ke iya riƙewa a ɗore, kuma a om nawa aka auna shi. Ta Mai Golf ma haka, in fis ɗinta 25 biyu ne, wat 720 ke shiga, ajin AB kuma kusan rabi take zubarwa a zafi. Wat 300 zuwa 400 ne gaskiyarta.

Mai Shago, PZ: Baba ni ba ni na buga kwalin ba, yadda ya zo daga kasuwar Alaba ta Legas haka nake sayarwa.

Injiniyan Samaru: Kuma ko da ta gaske ce mai wat 1000, a ina zai samo wutar? Za ta nemi amfiya wajen 90 in an ƙure ta. Altanetar irin waɗannan ƙananan motocin yawanci 70 zuwa 90 take bayarwa gaba ɗaya, ga fitilu, ga fanka, ga famfon mai. Wufofinsa kuma 250 ne kowacce, 500 a haɗe. Kafasitar da aka ambata a sama ba ta ƙirƙirar wuta, ajiya ce ta ƙiftawar ido, kuma ba ta canza om ko ɗaya.

Malam na Kofar Doka: Ni nawa ba na waya ba ne. Don Allah samari in kun gama haɗawa ku riƙa ragewa a cikin unguwa. Jiya muna sallar Isha'i wani ya wuce, tagogin masallaci har rawa suke. Akwai marasa lafiya a gidaje, akwai jarirai.

Hajiyar Gyallesu: Allah ya saka da alheri Malam. Abin da ke raina ke nan tun ɗazu.

Injiniyan Samaru: Gaskiya ne Malam, kuma mai motar ne farkon wanda ke cutuwa. Ma'aunin da ake bi a wuraren aiki desibel 85 ne na awa 8, duk ƙarin 3 kuma a raba lokacin biyu. Mota mai wufa biyu da gilashi a rufe tana wuce 100 cikin sauƙi.

Mai Golf, Tudun Wada: An ji Malam, in sha Allahu sai a babban titi.

Direban Sharon, Danmagaji: Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ina da wufa ɗaya ta mota om 4, da wata babba da na cire daga sifikar biki, om 8. In na haɗa su faralel nawa zai ba ni, kuma zai yi?

Baban Rewaya, Sabon Gari: In lambobin ba ɗaya ba ne, ka ninka su ka raba da jimlarsu. 4 sau 8, 32. A raba da 12, om 2.7 ke nan. A layi ɗaya na amfilifayar da ke ɗaukar om 2 zai zauna, a birij ba zai zauna ba. Amma ko ya zauna ban ba ka shawara ba. Mai om 4 za ta kwashe kashi biyu cikin uku na wutar, babbar ta samu ɗaya. Kuma ta biki an yi ta ne don ƙaton akwati a fili. Ka zaɓi ɗaya ka yi mata akwati mai kyau.

Direban Sharon, Danmagaji: To in wufa mai kwayil biyu ce, mutum ya haɗa ɗaya ya bar ɗaya fa? Na ga ana yi.

Mai Naɗin Kwayil, Muciya: Za ta yi kiɗa, amma zafin da ya kamata waya biyu su raba ya koma kan ɗaya, kuma halin wufar a akwati ya canza. In an rubuta 250, kar ka ƙara lissafa ta a 250. Da yawan waɗanda nake warwarewa, ɗaya ya yi baƙi ƙirin ɗayan kamar yau aka naɗa shi.

Mai Golf, Tudun Wada: 'Yan zaure na dawo. Na koma wurin yaron da bayanin Baba, ya sake haɗawa. Mun je har Shika mun dawo ba ta yanke ba, jikinta ɗumi kawai. Amma bes ɗin ya tafi gaba ɗaya. Injiniya ka ce kaɗan zai ragu, wannan kuwa kamar babu wufa a motar. Ɗaya ma da kyar take motsi.

Injiniyan Samaru: Kun auna da mita?

Mai Golf, Tudun Wada: Mun auna a bakin wayar akwati bayan mun cire ta daga amfilifaya. Ta nuna 3.7. Shi ma yaron ya ce bai kai 4 ba, ko nan ne matsalar?

Baban Rewaya, Sabon Gari: A'a, 3.7 lafiya lau ne. Mita turjiyar waya kawai take gani, kullum tana nuna ƙasa da abin da aka rubuta. Kwayil mai om 4 yakan nuna 3.2 zuwa 3.6, sannan wayoyin mitar kansu suna ƙara ɗan wani abu, ka haɗa bakinsu biyu za ka gani. Da kun ga wajen 7, wufa ɗaya ba ta haɗu ba. Da kun ga wajen 14, duka ya jera siris.

Matsalarka wadda mita ba ta gani ce. Ya juya kan kwayil ɗaya. A wufar da ba ta motsi, ina zargin ya haɗa baƙi da baƙi maimakon baƙi da ja. Kwayil ɗaya na tura takardar waje, ɗayan na janyo ta ciki, sai su kashe juna. Om ɗin daidai, sauti babu, wutar duk tana zama zafi. Kar ka ƙara kunna ta a haka.

Ka sami batirin tocila mai bolt 1.5. Ka cire guntuwar wayar, ka gwada kowane kwayil shi kaɗai: kan batir a ja, gindinsa a baƙi, taɓawa ɗaya ka ɗauke. Takardar wufa ta yunƙuro waje. Kwayil huɗun duka su yi haka. Wanda ya shige ciki, alamarsa a juye take, ka bi batir ka manta da fentin. In kun gama haɗawa ka sake taɓa batirin a bakin wayar akwati, wufa biyun su fito tare.

Mai Golf, Tudun Wada: Baba Allah ya ja kwana. Haka ne, baƙi da baƙi ya haɗa a ta dama. Mun gyara, su biyun suna fitowa tare, bes ya dawo kuma ya fi na da tsabta. Yaron ya ce a gaishe ka, wai yana so ya zo ya ga yadda kake saita gen.

Baban Rewaya, Sabon Gari: Ina amsawa, ya zo. Gen ba maɓallin ƙara ba ne, na daidaita amfilifaya da sautin da rediyo ke turo mata ne, kar ya murɗe shi ƙarshe. A cire wayar wufa, a kashe ƙarin bes na rediyo da na amfilifaya, a sa sautin gwaji mai hez 50, wato mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, a kai rediyo kashi uku cikin huɗu. A juya mita zuwa ma'aunin bolt na AC, a sa ta a bakin birij, a murɗa gen a hankali har ta nuna abin da lissafi ya bayar.

Injiniyan Samaru: Wat sau om, sai a ɗauki tushen lambar. 300 sau 4, 1200, tushensa 34.6. In takardarta ta ce wani wat daban a om 4, ku sa shi a madadin 300.

Mai Golf, Tudun Wada: An gode. Abu ɗaya ya rage, da daddare in ganga ta buga fitilun gaba suna ɗan lumshewa.

Ɗan Kwangila: Ai na faɗa tun farko, batir ne!

Baban Rewaya, Sabon Gari: Wataƙila, amma sai na ga wayar at tukuna, wato baƙar wayar amfilifaya da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota. Yawancin masu rewaya a kan fenti suke ɗaure ta, ko a jikin ƙusar kujera. Kuma ina so in ga jar wayar da ta taso daga batir, ko tagulla ce ko alminiyon da aka shafa wa ruwan tagulla, da ko akwai fis kusa da batirin. Ka shigo Sabon Gari ranar Asabar bayan La'asar, ku taho da yaron, ka riƙo sanfefa.